Ƙullin Da Kawu Ma'azu Ya Aiko

Ainu Shams, Alƙahira
Oktoba, 1983

Zuwa ga yayata A'i,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ta girmamawa daga ƙanenki, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya a Tasawa, ke da maigida Malam Habu da yara da duk wanda ke cin tuwon gidanku. Yaya Inna da ƙafar nan tata? Allah Ya ƙara mata sauƙi, Ya ja mana kwananta. Kaset ɗin da kuka aiko ya iso, mun taru a gidan Kawu Ma'azu mun saurara, kuma da muryar Inna ta fito sai da Kawu ya cire tabarau ya goge ido. Mun ji ruwa ya ɗauke da wuri bana, gero bai cika yadda ake so ba. Allah Ya sa albarka a ɗan abin da aka samu. Mun kuma ji abin da Inna ta faɗa a kan jikarta Mardiya, cewa zazzaɓi yana tafiya yana dawowa tun tsakiyar damina, har ta rame. Tun ranar ban daina tunaninta ba. Ni na bar ta tana rarrafe, yau ga shi ana cewa ita ke kora awaki.

Ni dai lafiyata lau, alhamdu lillahi. Sakamako ya fito, na gama karatun sanin kayan tarihi, sai dai takardar shaidar ba ta fito ba tukuna, tana jiran hatimi. Akwai gyara ɗaya da nake so ki yi mini a gida. Na ji a kaset ana ce mini dakta. Ban zama dakta ba, digiri na farko ne kawai, kuma matsayin da na samu shi ne wanda suke kira jayyid, wato mai kyau, akwai biyu a samansa. Na fi son a san haka tun yanzu.

Ga abin da ya sa na rubuto, kuma ina roƙonki ki karanta ke kaɗai tukuna. Alhaji Iliya, ɗan kasuwar nan na Maraɗi mai zuwa sarin turare da littattafai, ya taso daga nan ɗauke da saƙon Kawu zuwa ga Inna. Ƙulli ne a leda, an naɗe shi da farin ƙyalle, a ciki akwai gari mai launin toka da ɗan kore-kore. Za a ce muku maganin zazzaɓi ne, a jiƙa a ba Mardiya. Don Allah, Yaya, kada ya shiga bakinta, ko da ɗan lakuce ne a harshe. Alhaji ya bi ta Kano, zai tsaya can ya sayar da kaya. Yakuba kuwa, ɗalibin da zai kawo miki wannan takarda, a Yamai zai sauka kai tsaye, don haka ina sa ran takardar ta riga ƙullin isowa. Zan ba ki labarin daga farko. Abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan ce an gaya mini.

Kin san Kawu yana da ɗan ɗakin ajiya a Ataba, kasuwar sari, inda 'yan kasuwarmu ke tara kaya kafin su ɗaure. Akwai wani Bamisre mai suna Shahata da ya taɓa yi masa dako. Shekarun nan mutanen Masar da yawa suna tafiya Iraƙi ƙwadago, saboda yaƙi ya kwashe mazan can, shi ma Shahata ya tafi. Ya ce a kudu ya yi aiki, kusa da wani gari Nasiriyya, suna haƙa hanyar ruwan ban-ruwa. Ya ce a wani wuri duk inda suka sara sai tsingaro, kamar ƙasar ba ta da komai sai fasassun tukwane, kuma mutanen wurin suka gaya musu bayan garin Annabi Ibrahim ne, alaihis salam. Da zai dawo sai ya cika buhu ya cusa a cikin barguna. Yadda ya wuce da shi a iyaka ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Buhun nan ya ƙare a hannun Kawu, shi kuma ya aika a kira ni. Kin san sunan da ya laƙaba mini tun da na zaɓi wannan karatu, Malam Tsingaro. Ya ce wa ɗan aiken a gaya wa Malam Tsingaro yau ranarsa ta zo, ya zo ya ga danginsa.

Ba zan ɓoye miki ba, da aka zazzage buhun a kan tabarma sai na durƙusa na shiga ɗaukar kayan ɗaya-ɗaya. Shekaru ina ganin irin waɗannan abubuwa a hoton da malami ke haskawa a bango, ban taɓa riƙe ɗaya daga ƙasar Iraƙi ba. Akwai 'yan mutum-mutumi na laka, yawancinsu ba kai ko ba ƙafa. Akwai mazubin da ake danna laka a ciki a fitar da su, ɗaya da fuskar mace mai kitso har kafaɗa. Akwai ɗan gado na laka wanda zai zauna a tafin hannunki, an zana masa saƙar igiya kamar gadon karan gidanmu, da ƙafar ɗan keken doki. Akwai dunƙulen kwalta, da kashin maƙera, da wasu ƙananan tukwane masu kauri waɗanda ake narka ƙarfe a cikinsu, cikinsu duk ya yi kore. Akwai wani babban guntu mai lanƙwasa, mai huji-huji, cikinsa da wani busasshen ɓawo fari-fari. Sai kuma abin da Kawu ya fi so, wasu kwanukan laka da suka narke suka manne da juna, suka karkace, suka yi kore mai ƙyalli kamar kwalba.

Ni ban je wurin ba, don haka ba zan rantse a kan inda aka tono su ba. Amma in abin da Shahata ya faɗa gaskiya ne, to kusa da nan akwai kufan wani tsohon birni da ake kira Ur, wanda aka tona shekaru hamsin da wani abu da suka wuce. Mun karanta cewa a bayan ganuwarsa, bakin hanyoyin ruwa, an sami alamun unguwar masu sana'a, kuma kayan buhun nan sun yi kama da nata ƙwarai. Ba wani abin mamaki ba ne. Dubi Tasawa ma, ina ake gasa tukwane, ina majema suke? Ana tura su gefe ne saboda hayaƙi da wari. Mutanen can ma hancinsu irin namu ne. Masu ginin tukwane da maƙera da masu dafa kwalta suka zauna a bayan gari, abin da ya yi kyau ya shiga birni a sayar, abin da ya lalace a watsar a juji. Kwanukan nan da suka manne, wuta ce ta yi wa maginin yawa a tanderu, ya fito da su ya yi tsaki ya jefar. A taƙaice, Yaya, abin da Shahata ya ɗauko juji ne. Juji ne mai daraja a wurin irinmu, don shekarunsa za su kai dubu huɗu ko kusa da haka, kuma daga shi ake sanin yadda talakan wancan zamani ya ci abincinsa. Amma juji ne.

Na yi wa Kawu wannan bayani a tsanake, yana shan shayi yana gyaɗa kai, na zaci ya gamsu. Da na gama sai ya ce duk ya ji, amma karatun boko ya rufe mini ido, abu yana gabana ban gan shi ba. Ya ɗaga kwanukan nan ya tambaye ni wace wuta ce a duniya za ta mai da laka kwalba in ba wutar da Namarudu ya hura wa Annabi Ibrahim ba. Ya nuna 'yan mutum-mutumin ya ce ga gumakan da aka farfasa nan, shi ya sa ba su da kawuna. Sannan ya ce tunda Allah Ya umarci wutar nan ta zama sanyi da aminci, to duk abin da ta taɓa ya ɗauki sanyin, kuma babu zafin jikin da zai tsaya a gabansa. Na ce masa Alƙur'ani bai ambaci sunan garin ba, malamai ma sun saɓa a kan wurin, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce a sha toka don wannan ayar ba. Na ƙara da cewa in ma gumaka ne kamar yadda yake faɗa, yaya Musulmi zai jiƙa gunki ya sha? Sai ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wa mutanen da ke ɗakin su ji Malam Tsingaro ya koma Shehun Azhar, gobe sai ya ba da fatawa a kan kasko.

Na rasa yadda zan yi, sai wata dabara ta zo mini. A tsohuwar Alƙahira akwai unguwar da ake kira Fusɗaɗ, har yau masu tukwane suna aiki a can, kuma a can na yi binciken shekarar ƙarshe. Na je bayan wani tanderu na tsinto kofunan laka da suka narke suka manne, kore shar, waɗanda maginin ya ce mini na makon ne. Na kai wa Kawu na ajiye kusa da nasa, na ce ya nuna mini bambanci. Ya juya wannan, ya juya wancan, ya shinshina. Sai ya ce tamam, wato daidai, ashe ba sai mutum ya wahala zuwa Iraƙi ba. Ya faɗe shi kamar wasa, kowa ya yi dariya, ya ɗora nawa a kan kanta. Da na koma bayan 'yan kwanaki ban gan shi a wurin ba. Ban ga an daka shi ba, saboda haka ba zan ce an daka ba. Na dai duba ban gan shi ba.

Dakan kuwa na gani. Wata rana da hantsi na dawo daga jami'a zuwa gidan Kawu, inda nake zaune a lokacin, tun daga matakala nake jin lugude, matar da ke ƙasanmu tana buga rufinta da sandar tsintsiya tana zage-zage. Na zaci yaji ake dakawa. Na shiga na tarar da matar Kawu, Hajiya Kulu, a baranda da turmin nan da ta sha wahalar kawowa daga gida, fuskarta da gashin idonta sun yi furu-furu, ga rariya ga faranti. A cikin farantin ga rabin mazubin nan mai fuskar mace, ɗaya rabin ya riga ya zama gari. Ga ɗan gadon an karya shi biyu don ya shiga turmi. Ga tukwanen narka ƙarfe, ga guntun nan mai huji-huji an fasa shi da guduma. Ina tsaye ta ɗebo da hannu ta zuba duka tare, ta ci gaba. Na roƙe ta ta dakata, ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ita aiki aka sa ta, kuma in ina da tausayi in karɓi taɓaryar, don abin ya fi kanwa tauri, kafaɗarta ta gaji. Yaya, abin da ya kwana a ƙasa tun kafin a san sunan Hausa, ya tsira daga ruwa da gishiri da fartanyar Shahata, ya zo ya ƙare a turmin yaji a hawa na uku a Ainu Shams. Da aka gama ta ɗauraye turmin sama-sama ta daka barkonon miya a ciki. Aka kawo abinci ban ci ba.

Na ɗauki guntun tukunyar narka ƙarfe ɗaya a gaban idonta, na kai wa wani abokin karatuna Bamisre da ke aiki a ɗakin gwaji inda ake gyaran tsofaffin kaya. Ya kankare koren ya gwada, ya ce akwai jan ƙarfe, akwai kuma dalma. Daga nan na je na tambayi likitan da ke duba ɗalibai abin da dalma ke yi wa mutum in ya ci. Ya ce tana murɗa ciki, tana shanye jini, kuma a jikin yaro ta fi muni, don tana taɓa ƙwaƙwalwa, ba ta kuma fita da wuri. Ya ce sau da yawa ba a gane ta sai an ga yaro ya daina kuzari ya daina riƙe karatu. Ban san yawan da ke cikin ƙullin da aka aiko muku ba, mai yiwuwa kaɗan ne, mai yiwuwa da yawa, tunda an gauraya komai ba awo. Abin da na sani shi ne yarinyar da zazzaɓi ya riga ya ci jininta ba ta da abin da za ta ba dalma.

Na kai wa Kawu wannan magana, ashe shi ma yana nemana. Ya riga ya fara ƙulla garin a 'yan takardu yana ba matan da ke biyowa ta nan da 'yan kasuwa, har wasu suna sa shi a goshi kafin su sa a jaka. Abin da yake so a wurina shi ne in rubuta takarda da Larabci da Faransanci, in sa sunana da digirina, in ce na bincika na tabbatar daga wurin wutar Namarudu aka ɗebo. Ya ce ya ciyar da ni shekaru, ga ranar da alƙalamina zai yi wa gida amfani. Na ce masa in yana so zan rubuta abin da na gani, wato tarkacen magina da maƙera ne, kuma akwai dalma a ciki. Sai ya sa aka kawo kofin shayi, ya ɗebi garin da cokali ya zuba, ya motsa, ya yi bisimilla ya shanye, har da lashe laka a gindin kofin. Ya ce to ga shi ya sha, in zauna in jira ya mutu. Ina ganin baƙin ruwan yana gangarowa a gemunsa, na rasa ko tausayinsa nake ji ko haushi. Ya ci gaba da sha kullum da safe don ya nuna mini. Ba a jima ba ya fara riƙe ciki, ya yi amai, ya ce bakinsa ɗanɗanon tsabar ƙarfe yake yi. Na ce mu je asibiti, ya ce wannan ai tsohuwar cuta ce ke fita, alamar magani ya kama ke nan.

Wannan shi ya fi damuna a lamarin. Da mayaudari ne zalla da na san yadda zan ɗauke shi. Amma Kawu rabinsa ɗan kasuwa ne, rabinsa kuma ya yarda da abin da ya ƙirƙira da bakinsa, kuma ban san wanne ke magana ba a kowane lokaci. Da na sake matsa masa a gaban wani baƙo, na ce abin ƙazanta ne, sai ya ce khalas, wato shi ke nan, wanda ke kwana a ƙarƙashin rufinsa yana kiran maganinsa ƙazanta ya nemi rufi mai tsabta. Na san na yi kuskuren faɗa a gaban baƙo, na kuma ba shi haƙuri a kan wannan, amma ban janye maganar ba. Yanzu ina ɗakin su Yakuba, mu huɗu, katifata a bakin ƙofa. Kada ki damu, wurin da ruwa, kuma mutanen kirki ne.

Ranar da na koma kwashe littattafaina ne Hajiya Kulu ta gaya mini zancen ƙullin. Ta faɗa ne don ta faranta mini rai. Ta ce kada in ɗauka Kawu ya yi fushi da gidanmu duka, don tun ranar da ya ji kaset ya sa aka ware wa Mardiya nata, daga inda garin ya fi kore, wai nan albarkar ta fi taruwa. Ta ce ita da kanta ta sake tankaɗe shi da ƙyalle mai laushi saboda maƙogwaron yarinya, kada ya shaƙe ta. Wurin da ya fi kore, Yaya, shi ne cikin tukwanen ƙarfen. Na ajiye littattafan na fita da gudu na hau bas zuwa Ataba, na nufi masaukin da Alhaji Iliya ke sauka. Mai gadin ya ce ya tafi filin jirgi tun jiya. Na tsaya a bakin titi cikin hayaniyar masu talla ban san inda zan nufa ba, sai na tuna Yakuba zai tafi gida, shi ne na zauna rubuta miki.

Yanzu sai maganar Inna, don na san ke ba za ki yi mini gardama ba. Inna ce ke ba da magani a gidan nan, kuma Kawu ƙanenta ne da ta goya. In kin ce mata guba ne, za ta ce kowane magani mai ƙarfi haka 'yan boko ke kiransa, kuma Ma'azu ba zai cuci jikarta ba. A nan ta yi gaskiya, bai yi nufin cuta ba. In kin ce mata ni na hana, za ta ce yaushe Hassumi ya girma. Na yi ta juya abin da zan ba ki ki faɗa mata wanda zai yi aiki kuma ba ƙarya ba ne, don ba na so in kori ƙaryar Kawu da tawa. Ga shi. Guntun nan mai lanƙwasa da huji-huji da na ambata, na san ko mene ne. Mutanen can suna haƙa rami mai zurfi a cikin gida, su jera manyan zobba na laka ɗaya bisa ɗaya har sama, ruwan ƙazantar gida ya riƙa sauka a ciki yana tsiyaya ta hujin. Wasu na wurin wanka ne, da yawa kuma na bayan gida ne. Wannan guntu daga irin zobban nan yake, faɗinsa da kaurinsa da hujinsa duk sun nuna, na kuma gwada shi da zanen da ke cikin littafinmu. Ko na wanka ne ko na masai, ba zan iya rabewa ba. Amma kwatami ne ko ta yaya, ɓawon da ke cikinsa abin da ya bi ta nan ne ya bushe, kuma na ga ya shiga turmi da idona tare da sauran.

To wannan za ki gaya wa Inna, da kalmomin nan: a cikin garin akwai bangon kwatamin mutanen da ba su san tsarki ba. Ba sai kin ambaci dalma ba in kin ga ba za ta saurara ba. Matar da ke sake alwala don kaza ta taka gefen tabarmarta ba za ta ɗura wa jikarta wannan ba, ko wa ya aiko. Na san abin da zai biyo baya. Za ta aika wa Kawu saƙo mai zafi, shi kuma zai san daga inda maganar ta fito, kuma ƙofar da yanzu take a saye za ta rufe gaba ɗaya. Na yi tunanin wannan sosai. Mutumin nan shi ya tarbe ni a filin jirgi ban san kowa ba, shi ya saya mini rigar sanyi ta farko, kuma ba zan manta ba. Amma na yarda. In Inna ta tambaya wa ya faɗa, ki ce ni ne, kada ki ɗauki laifin a kanki, ke kina zaune da su, ni ina nesa.

In ƙullin ya zo, ki karɓa da hannunki ki yi wa Alhaji Iliya godiya, shi ɗan aike ne, bai san komai ba. Kada ki buɗe shi a inda iska ke kaɗawa, kada ki zubar a juji inda kaji da awaki ke tono, kada kuma kusa da rijiya. Malam Habu ya haƙa rami mai zurfi a bayan gari ya binne shi da ledarsa. In kuma Allah Ya ƙaddara ya riga takardata, har an fara ba ta, to ku tsaya nan take, ba a ƙarasa ko cokali ɗaya, ku kai ta babban asibitin Maraɗi da sauran garin a hannu. Ki gaya wa likita akwai dalma a ciki, da Faransanci plomb ake cewa, ki nuna masa kalmar a nan in ya yi shakka. Ko ƙullin bai zo ba ma, ina roƙonku ku kai ta a duba jininta, zazzaɓin da ya wuce wata biyu yana dawowa ya fi ƙarfin jiƙo.

Ki gaishe mini da Inna gaisuwa mai yawa, ki ce ina neman gafararta tun kafin ta ji. Ki gaida Malam Habu, da Gwaggo Indo, da Husaina da maigidanta, da Lawali in ya dawo daga Agadas. Ki shafa mini kan Mardiya, ki ce kawunta na Masar yana yi mata addu'a a kowace salla. Ku sa Kawu Ma'azu ma a addu'a, don har yanzu yana sha. Ranar Juma'a na je gaishe shi, na ga ya faɗa, leɓɓansa sun bushe. Ya amsa sallamata, bai ce in zauna ba.

Yakuba zai kwana biyu a Tasawa kafin ya wuce garinsu. Kada ki jira sai kin sami lokacin rubuta doguwar amsa. Ki sa Malam Habu ya buga mini waya ta gidan waya a adireshin da ke bayan ambulan, kalma biyu sun isa, ko an binne, ko ta sha. Kowanne ne ina so in sani.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya tsare mana ku duka.

Ƙanenki,
Hassumi